Kak Bedah da Ɗan Kwalin da Ya Kai Ta Kotu

A Balik Pulau, can bayan dutsen tsibirin Penang, idan ka tambayi gidan Zabedah binti Lazim sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma ka ce Kak Bedah, wato Yaya Bedah, mai akwatin tsawa, nan take mai sayar da kifi zai ajiye wuƙarsa ya nuna maka gidan katako mai shuɗin fenti a bayan masallaci. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta girma. A yatsun hannunta na dama akwai tabon ƙuna sun fi ashirin, kuma ta san tarihin kowanne. In ka zauna da ita sai ta ba ka labarinsu ɗaya bayan ɗaya ko ba ka tambaya ba, domin Allah bai halicci Kak Bedah da ƙarancin magana ba.

Ita ce ta shida cikin 'ya'ya tara. Mahaifinta yana da 'yar gonar durian, wani ɗan itace mai ƙaya a baya, a gangaren dutse, in ta yi 'ya'ya a ci a ƙoshi, in ta ƙi a sha kunun shinkafa. Ta bar makaranta a aji uku na sakandare. Tana da shekara goma sha takwas aka kakkafa masana'antun kayan lantarki a Bayan Lepas, inda a da gonakin shinkafa ne, ta shiga shuɗiyar motar ma'aikata tare da 'yan matan ƙauyensu. Samarin da ke zaman kashe wando a bakin gada da sun hango motar sai su ɗauki ihu, "Minah Karan! Minah Karan!" wato 'yan matan lantarki, kuma ba yabo ba ne. Wasu 'yan matan sukan sunkuyar da kai. Ita kuwa sai ta leƙo ta taga ta ce, "Ku gaishe min da iyayen da ke ciyar da ku!" Har yau akwai dattawan da ke kauce mata a kasuwa.

A masana'anta aka sa ta a layi na huɗu, kusa da wata 'yar ƙabilar Tamil mai suna Letchumi wadda ta girme ta da shekara biyar. Letchumi ce ta koya mata riƙon ƙarfen liƙi, ta koya mata gane dalma ta kama ko ba ta kama ba daga sheƙinta kawai, ta kuma koya mata yin hamma ba tare da mai duba aiki ya gani ba. Bedah tana kiranta Akka, wato yaya. Shekara ashirin da huɗu suka yi kafaɗa da kafaɗa, rabi a layin liƙi, rabi a teburin gwaji, inda ake sakar wa kowane kaya wuta a ga ko zai jure. A cikin shekarun nan Bedah ta yi aure, ta haifi uku, mijinta ya rasu, ta kai 'yarta ta fari har makarantar koyon jinya. Rannan da hantsi aka tara su a ɗakin cin abinci aka ce kamfani zai koma wata ƙasa. Aka ba kowa takardar godiya da agogon bango.

Wanda ya tsince ta shi ne Ooi Kean Huat, wani ɗan Sin mai 'yar ma'aikata a Air Itam, wanda kowa ke kira Tauke, wato maigida. Siriri ne mai shegen tsoro, ko ganye iska ta shigo da shi sai ya duba ko sammaci ne. Amma mutumin kirki ne, wannan kam a faɗa. Abin da yake ƙerawa akwatin kariya ne daga tsawa. Mu nan tsawa ba baƙuwa ba ce: da la'asar hadari zai haɗu, ta faɗa kan wayar lantarki, ta bi waya ta shiga gida ta ƙone duk abin da ta tarar. Masu gonar kaji, masu kiwon jatan lande, masallatai saboda lasifikarsu, duk wajen Tauke suke saye. Mata goma sha tara ke aiki a wurin, yawancinsu waɗanda manyan masana'antu suka tauna suka tofar ne.

Aikin akwatin ba shi da wuyar ganewa. A cikinsa akwai wani shuɗin faifai mai girman kwabo, shi ke haɗiye wutar da ta yi yawa. In ya daɗe yana haɗiya sai ya gaji ya fara zafi, in ba a raba shi da waya ba ya kama da wuta. Don haka ake liƙa masa wayar da dalma mai saurin narkewa, a ɗaura mata sifirin. Da zafi ya yi yawa dalma ta narke, sifirin ya fizge wayar. Wannan kowa ya sani. Matsalar ita ce wutar lantarki ba ta son a rabu da ita: ko an fizge wayar sai ta yi tsalle ta cike ratar da tartsatsi irin na mai walda, ta ci gaba da ci. Haka wani akwatin Tauke ya taɓa ƙone bangon wata gonar kaji. Tauke ya yi mako guda bai ci abin kirki ba.

Kak Bedah ce ta kashe wannan matsala. Ta yanko ɗan kwali mai launin toka, irin wanda wuta ba ta ratsa shi, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, ta maƙala shi a jikin sifirin ta yadda in ya fizge wayar zai jawo kwalin ya shiga tsakani. Tartsatsi ya taso ya tarar da ƙofa a rufe. Aka gwada sau ɗari, ko ɗaya bai ci ba. Tauke ya saya wa kowa nasi kandar, wato shinkafa da miya, da kan kifi, ya sa wa akwatin suna KB-7. Har wata 'yar jarida ta zo ta ɗauki hotonta, ta tambaye ta yadda dabarar ta zo mata. Kak Bedah ta gyara mayafi ta ce tana suyar kifi ne mai yana fantsalo mata, ta ɗauki murfin tukunya ta kare, a nan take Allah Ya buɗe mata kai. Labarin ya yi daɗi. Ta riƙa ba da shi a gidajen biki. Ni kaina na ji shi ya kai sau goma, kuma kowace shekara kifin ƙara girma yake yi.

Shekara takwas ana cikin lafiya, sai ga wasiƙa daga lauyoyin wani babban kamfani na ƙasar waje. Wai suna da takardar mallakar ƙirƙira a kan wannan dabara, sun kuma samo ta shekara uku kafin Bedah ta yanka kwalinta. Ko Tauke ya daina ƙera akwatin, ko a haɗu a kotu. KB-7 kuwa shi ne ke riƙe da ma'aikatar. In aka hana shi, babu abin da zai saura sai a ja ƙofa a rufe, mata goma sha tara su koma gida.

Tauke ya shigo da wasiƙar a hannunsa. "Kak Bedah, mun mutu."

"Kai ka mutu. Ni ban san su ba, ban taɓa ganin takardarsu ba. Me na satar musu, kifin ko murfin?"

Lauyar da Tauke ya ɗauka, Jasvin Kaur, mace ce doguwa mai kitso ɗaya har gadon baya, ba ta kai arba'in ba. Ita ta zaunar da su ta yi musu bayani. Ta ce takardar mallaka kamar iyakar gona take, ba ruwanta da ko ka san mai gonar. In ka yi shuka a ciki, ka shiga. Iyakar kuwa kalmomi ne, kuma tasu cewa ta yi shinge mai hana wuta wanda sifirin ke motsa shi ya shiga tsakanin ƙarafa biyu. Da farko Jasvin ta sa rai da wata kafa. A zanen kamfanin, wata 'yar ƙofar roba ce sifirin ke turawa, na Bedah kuwa kwali ne ake jawowa. Aka kwashe wata bakwai ana jayayya a kan haka a babbar kotu a Kuala Lumpur. Ƙarshe alƙali ya ce kalmomin ne iyaka ba zanen ba, kuma ko turawa ko jawowa duk motsawa ne. KB-7 yana cikin gonar mutane.

"Saura hanya ɗaya, Mak Cik," in ji Jasvin, don haka take kiranta, kamar a ce inna. "Mu nuna tun farko bai kamata a ba su takardar ba. Doka tana da wani mutum da ta ƙaddara a ranta. Ba gwani ba ne, ba daƙiƙi ba ne. Ya iya aikinsa, ya san abin da 'yan sana'arsa suka sani, amma ba ya ƙago sabon abu. In irin wannan mutum zai ga tartsatsin nan ya ce a sa wani abu a tsakani, to takardarsu ta mutu."

Kak Bedah ta ajiye kofin shayi. "Wato so kike in je gaban alƙali in ce abin da na yi ko wane gaula zai yi."

"Ban ce gaula ba, Mak Cik."

"Ai kin kusa."

"Akwai kuma jaridar nan. Lauyansu ya same ta. Zai ce ga gwanar tsibiri da kanta ta ce sai da Allah Ya yi mata buɗi na musamman kafin ta gano. In dabara sai da buɗi ake samunta, to ƙirƙira ce, takardarsu ta tsaya."

"To a ce masa buɗin ne! Ke kin taɓa ƙonewa da dalma? Kin san abin da yatsun nan suka gani?"

Tauke ya ce, "Kak Bedah, yi haƙuri..."

"Kai kuma rufe min baki, matsoraci."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba na ganin laifinta. Mace ta yi shekara arba'in tana liƙa abin da wasu suka zana, sau ɗaya tak a rayuwarta aka nuna ta aka ce wannan nata ne, yanzu an zo ana so ta mayar da shi da hannunta.

Kwana uku tana aiki fuska a murtuke, ba mai iya ce mata uffan. Sauran matan ba su roƙe ta ba, wanda ya fi roƙon ciwo. Da rana suna cin abinci a bayan shago, tana jin Rosnani, wadda ake wa mijinta wankin ƙoda sau biyu a mako, tana tambayar wata ko gidan abinci na ɗaukar mai shekara hamsin da biyar wanke-wanke. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kak Bedah ta rufe kwanonta ba ta cinye ba.

Rana ta huɗu tana teburin gwaji. Ta gama da wani akwati, ta kai hannun dama ta buɗe awartakin da ke kama waya, sai hannun hagu ya tafi da kansa gefen awartakin yana neman gyara wani abu da babu shi a wurin. Ta tsaya tana kallon hannun. A tsohuwar masana'anta, a daidai nan, akwai ɗan kwali mai launin toka maƙale da mariƙin awartaki, wanda in ka buɗe sai ya faɗa tsakanin bakin biyu ya kashe tartsatsi. Shekara goma sha biyu tana gyara masa zama, sau ɗaruruwa a rana. Letchumi ce ta maƙala shi.

Gaskiyar magana, ba mantawa ta yi ba. Ajiye abin ta yi a inda ba ta son leƙawa, ta ɗora kifi a kai. Kunya ta kama ta har sai da ta zauna.

Ranar Asabar ta sayi mangwaro ta shiga jirgin fito ta ƙetare zuwa Butterworth, inda Letchumi ke zaune a gidan ɗanta a hawa na tara. Ciwon sukari ya cinye mata ƙafa ɗaya, tana kan keken guragu, amma bakin yana nan yadda yake.

"Ikon Allah! Gwanar tsibiri da kanta. Mangwaro kika kawo wa mai sukari, so kike ki ƙarasa ni?"

"Akka, magana na zo da ita."

Ta zauna a ƙasa kusa da keken ta kwashe komai ta faɗa mata, tun daga wasiƙa har hannun hagu. Da ta zo kan kwalin sai ta sunkuyar da kai. "Naki ne, Akka. A wajenki na gani. Na bari aka buga a jarida cewa nawa ne."

Letchumi ta dube ta ta saman tabarau. "Ai na karanta. Ɗana ya kawo min. Na ce to, bari in zuba ido in ga ranar da kifin nan zai ƙone."

"Ki yafe min."

"In yafe miki me? Ke kin ɗauka nawa ne? Wajen Ah Gek na gani, ta layi na biyu. Ita kuma babanta ne ke haska fim a silima, haka yake yi wa injinsa. 'Yan layi na shida ma suna yi, su da guntun roba. Bedah, duk wadda tartsatsi ya taɓa lasar gashin girarta ta san a sa wani abu a tsakani. Injiniyoyi ne kawai ba su sani ba, don su ba a bakin wutar suke zama ba." Ta nuna wata durowa da leɓe. "Buɗe ta ƙasa, ki ɗaga zannuwan."

A ƙarƙashin zannuwan akwai wani littafi mai koren bango da ya koɗe. Bedah na ganinsa ta tuna. A wancan zamani kowace shekara masana'antun tsibirin sukan tura ƙungiyoyin ma'aikatan layi wani otal su yi gasar 'yan dabarun da suka samo a wurin aiki. A sa musu riga iri ɗaya, su hau dandamali suna rawar murya, manya su tafa, a ci abinci, a buga littafi a rarraba wa duk masana'antu da ɗakunan karatu, sannan kowa ya manta. Ƙungiyarsu ta mata goma ta je shekara goma sha biyu kafin takardar kamfanin nan, ta zo ta huɗu. A shafi na sittin da ɗaya ga zanen awartaki da ɗan kwalinsa, da bayani layi tara. A ƙasa ga hotonsu, Bedah tana gefe ta rufe ido.

"Ba don zanen na ajiye ba," in ji Letchumi. Ta ɗora yatsa a kan wata siririyar fuska mai dariya. "Wannan kaɗai ne hoton Ah Gek da nake da shi. In lauyarki ta ɓatar min da shi, ko da ƙafa ɗaya sai na same ta."

Ranar Litinin Kak Bedah ta ajiye littafin a gaban Jasvin. Lauyar ta karanta shafin sau biyu, ta duba shekarar bugu, ta cire tabarau ta dafe goshi. Sannan ta ce littafin kaɗai ba zai wadatar ba. Na littafi awartakin gwaji ne, nasu akwatin tsawa ne. Dole wani ya tsaya ya shaida cewa ɗauko dabarar daga tebur zuwa akwati taku ɗaya ne.

"Na sani," in ji Kak Bedah. "Saya min tikitin mota. Kujerar gaba, don baya na sa ni amai."

Su shida suka tafi Kuala Lumpur daga tsohuwar ƙungiyar, har da Letchumi da kekenta, Bedah ce ta bakwai. Uku sun riga mu gidan gaskiya. Suka jeru a bencin baya da kayan salla, kowace da ledar abincinta. Kafin a kira Bedah, wani farfesa da kamfanin ya kawo ya yi rabin yini yana bayani. Ya ce mutumin da doka ke nufi injiniya ne mai digiri, kuma injiniya ba ya neman ilimi a littafin gasar ma'aikatan layi. Letchumi ta yi tsaki mai ƙarfi har sai da ɗan sandan kotu ya waiwayo.

Lauyan kamfanin mutum ne mai sanyin murya da ladabi, irin wanda zai yanka ka yana tambayarka ko wuƙar ta yi sanyi. Ya fara da yabo. Ya ce shekara arba'in a sana'a ba wasa ba ne. Ya ce an sa wa akwati sunanta, abin da ko farfesa bai samu ba. Kak Bedah tana ji, kuma Allah Ya sani maganar tana mata daɗi. Sannan ya ɗaga jaridar ya karanta labarin kifi tun daga farko har ƙarshe.

"Malama Zabedah, ke kika faɗi wannan?"

"Ni ce."

"To jarida kika yi wa ƙarya, ko kotu kike shirin yi wa?"

Tauke ya runtse ido. Kak Bedah ta gyara tsayuwa. Ta dubi alƙali, ba lauyan ba.

"Ya Mai Shari'a, kifi kam na soya, kullum ma ina soyawa. Amma ba shi ya koya min ba. Jarida na yi wa ƙari, don an tambaye ni a gaban mutane, kuma tunda nake ba a taɓa tambayata yadda na san wani abu ba. Daɗi ya ɗebe ni. Ga wadda ta koya min can a kan keke. Ita ma wata ce ta koya mata, ta rasu."

"Amma kin yarda ke gwana ce, kin fi sauran ma'aikata?"

"Ni? A layi na huɗu ni ce ta ƙarshen gama liƙa kayan tirena. Tambayi waɗancan, ai ba za su rufa min asiri ba."

Daga bencin baya wata ta ce, "Wallahi kuwa." Alƙali ya buga tebur, amma an ga gefen bakinsa ya motsa.

"Duk da haka," in ji lauyan, "babu wadda ta sa kwali a akwatin tsawa sai ke."

"Don ni ce ke zaune a gaban akwatin ranar da ya ƙone gonar kaji. Da Akka ce a wurin, kafin azahar ta gama. Ni sai da na yi kwana biyu. Ranka ya daɗe, wuta ta yi tsalle tsakanin ƙarfe biyu, a tebur ne ko a akwati, ai wutar ɗaya ce. Me za ka yi in ba ka sa mata abu a tsakani ba? Roƙonta za ka yi?"

Ya juya tambayar ta fuska uku, ta ba shi amsa ɗaya. Ta sauko daga akwatin shaida. Ta zauna kusa da keken Letchumi ba ta dubi kowa ba. Letchumi ta laluba cikin ledarta ta miƙo mata alewar citta, ta ce, "Tsotsa, bakinki ya bushe. Kin yi surutu."

Wata biyu ana jiran hukunci. A Balik Pulau labari ya riga ta isa gida, kuma mutanenmu ba sa barin irin wannan ta wuce. Mai kifi ya riƙa tambayarta ko a ba ta kifi mai koyar da lantarki ko na miya kawai. Ta ji zafi, ba ta ɓoye ba. Amma ta ce da 'yarta tun da ta sauke kayan nan take jin iska tana shigarta, ashe shekara takwas tana ɗauke da tulun da ba nata ba.

Wata ranar Alhamis da hantsi Jasvin ta shigo shagon da kanta, riƙe da takardu masu kauri. Aka kashe ƙarafan liƙi. Tauke ya jingina da bango. Jasvin ba ta ja musu rai ba: kotu ta soke takardar kamfanin, KB-7 zai ci gaba. Rosnani ta zube ƙasa ta yi sujada a kan simintin da ke cike da ɗigon dalma. Tauke ya fashe da kuka kamar an mare shi, yana cewa, "Kak Bedah, na gode, na gode," ita kuma tana cewa ya share majina, abokan ciniki za su gani.

"Saura ki ji abin da aka ce a kanki, Mak Cik," in ji Jasvin. Ta buɗe wani shafi da ta naɗe. Alƙali ya rubuta cewa bai yarda ilimin sana'a ya tsaya a kan masu digiri ba. Ya ce sa shinge tsakanin ƙarafa biyu don kashe tartsatsi abu ne da matan teburin gwaji na masana'antun Penang suka sani, suka yi aiki da shi shekara da shekaru, suka kuma buga shi a littafi. Ya jera sunayen mata goman nan kamar yadda suke a ƙarƙashin hoton. Ya ce abin da shaida Zabedah ta yi aiki ne mai kyau, amma ba ƙirƙira ba ce.

Rosnani ta ɗago tana share ido. "Kak Bedah, kin ji? Kotu ta tabbatar ba ki da basira!"

Shago ya ɗauki shewa. Kak Bedah ta matso kusa da takardun. Ta ce da Jasvin, "Koma baya kaɗan. Wurin da ya ce mun sani."

Jasvin ta sake karantawa a hankali, har sunayen, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Ah Gek sai hawaye ya zubo wa Kak Bedah, ba ta share ba. Ta yi ta faɗin alhamdulillahi a ƙasan murya. Ta gode wa Allah da Ya sa ta a layi na huɗu ba wani wuri ba, ta gode da Ya bar mata Letchumi da rai har ta je ta durƙusa a gabanta, ta gode da ba a rufe ƙofar nan ba. Shekara arba'in ana rubuta yawan abin da suka liƙa da yawan wanda suka ɓata, yau an rubuta cewa sun san wani abu, da hatimin kotu a kai.

"A buga min wannan shafin guda goma," in ji ta.

"Ku bakwai ne, Mak Cik."

"Uku suna da 'ya'ya. Ni zan kai musu da ƙafata."